Yarinya Mai Kati Biyu

Shekara huɗu ke nan cur babu yarinya ko ɗaya 'yar ƙasa da shekara goma sha takwas da ta yi ciki a unguwarmu. Wannan ba hirar bakin titi ba ce, a rubuce yake. Mai shakka ya je ƙaramin asibitinmu, ya ɗaga kai kafin ya shiga. Zai ga farin allo a saman ƙofa, da jan sifili a tsakiyarsa mai girman tayar keke, a ƙasa kuma an rubuta SHEKARA HUƊU A JERE.

Shugaban kwamitin asibitin ne ya sa aka kafa allon. Tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya da lafiyarsa da muryarsa, ya rasa inda zai kai su. Yakan ce nasarar unguwa tana tsaye ne a kan ƙafa uku, tarbiyya da sa ido da kwamiti, kuma ba a taɓa tashi daga taro bai bayyana wadda ke ɗauke da sauran biyun ba.

Akwai ƙafa ta huɗu da ba a ambata a taro. Tana zaune a bayan tagar yankan kati, da biro ɗaure da zare don kada a tafi da shi. Malam Mai Kati ya shekara ashirin da biyu a wannan taga, kuma mutum ne mai tausayi. Idan yarinya ta zo awon ciki, kanta a sunkuye, uwarta a bayanta, layi kuma ya yi tsit kowa ya baza kunne, ba ya tambayarta shekarunta. Sai ya dube ta ta saman tabarau, ya rubuta ashirin. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. A wurinsa rufin asiri ne, irin wanda yake fata a yi wa nasa 'ya'yan. Ƙarshen wata a tattara katuna a ƙidaya, a aika wa ma'aikatar lafiya. Ta haka unguwarmu ta zama wurin da mata suka fi ko'ina haihuwa a shekara ashirin daidai, abin da har yau masana ba su zo sun yi bincike a kansa ba.

Bara ma'aikata ta aiko da kwali guda na ashanar hannu, 'yar robar nan da ake sa wa mace a ƙarƙashin fatar damtse ta hana ta ɗaukar ciki har shekara uku. Ta kuma kai Sista, babbar ungozomar asibitin, kwas na mako biyu ta koyo sawa da cirewa, tare da umarnin a buɗe wa matasa ɗaki. Shugaba ya ce duk da allo ya nuna ba mu da buƙata, kada a ce mun ƙi ci gaba. Aka kwashe sito, aka shafa wa ƙofarsa fenti rawaya. Siton yana kallon bencin jira ne kai tsaye, inda rabin matan unguwa ke zama kowace safiya da katunansu da idanunsu. Aka rubuta ƊAKIN MATASA da haruffan da ake karantawa daga tsallaken titi. Sannan kwamiti ya buga fom: duk 'yar ƙasa da sha takwas sai ta kawo sa hannun uba. Uba, ba uwa ba, domin kwamiti ya lura iyaye mata suna da saurin tausayi.

A wata goma sha ɗaya mutum biyu suka shiga ɗakin. Ɗaya ban ɗaki yake nema, ɗayan mai fenti ne ya dawo ɗaukar bokitinsa. Shugaba ya sa aka rubuta wannan a matsayin hujja ta biyu.

Ta uku da ta nemi ɗakin ta zo ranar wata Laraba da hantsi. Yarinya ce da kowa ke kira Monita, don tun aji ɗaya ita ke riƙe alli tana rubuta sunan masu surutu, har uwarta haka take kiranta. Shekarunta goma sha shida, tana da 'ya 'yar wata goma. Cikin ya ci mata shekara guda ta karatu, kuma shugabar makarantarsu ta mayar da ita aji ne bisa sharaɗi ɗaya da ta faɗa mata a tsaye a ofis: sau ɗaya makaranta take yafewa. Saura shekara biyu ta rubuta jarabawar ƙarshe.

Ta yafa gyalen uwarta a kan yunifom, ta bi layi har taga.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Ina mutuniyar? Rigakafi ne yau?"

"A'a. Wancan ɗakin nake so." Ta nuna da haɓa.

Malam Mai Kati ya leƙo ta taga ya dubi ƙofar rawaya kamar yau aka kafa ta. Monita ta tura masa katinta na awo, ruwan hoda, wanda ya yanka mata da hannunsa bara. Ya turo mata abinta.

"Wannan na awo ne. Na can shuɗi ne." Ya zaro sabo, ya cire murfin biro. "Shekarunki nawa?"

"Ga shi nan a rubuce, Baba. Ashirin, bara. Bana ashirin da ɗaya ke nan."

"Ke Monita, ki ji tsoron Allah. Ajinku ɗaya da autata tun firamare."

"To wa ya rubuta wannan?"

"Wannan daban. Lokacin kina cikin wani hali."

"Yanzu ma ina cikin wani hali."

Ya dube ta ta saman tabarau, daga sama har ƙasa, ya girgiza kai. "Bai nuna ba."

"Wato sai na dawo da wani cikin sannan zan cika ashirin?"

"Subhanallahi! Kar in ƙara jin wannan a bakinki." Ya waiga ko layi ya ji. Layi ya ji. Ya rage murya. "Ni dai kin sani ba na rubuta ƙarya."

Ya rubuta sha shida a shuɗin kati, ya ɗora fom a kai, ya ce ta gaida babanta.

Baban Monita kafinta ne. Shi ya yi bencin jira na asibiti, shi ya yi allon sifili, kuma shi ake kira duk shekara ya hau tsani ya canja lamba. Wata goma sha biyar ke nan bai yi wa 'yarsa magana ba. Bai kore ta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, littattafanta ma bai fasa saya ba. Magana ce kawai ya janye. In yana da saƙo sai ya kalli bango ya ce wa matarsa, "Ki ce wa 'yarki," ko da 'yar tana tsaye tsakaninsu da tire a hannu. Jikar kuwa ya yi mata 'yar kujera mai hannu, ya goge kowace kusurwa sau uku kada ta ji ciwo, kuma yana dawowa daga shago ita yake fara nema.

Umma, uwar Monita, ta karanta fom ɗin a tsaye a kicin, da jaririyar a bayanta.

"Kawo biro."

"Uba suka ce, Umma."

"Uban ne ke goyo?"

Washegari da safe ta ajiye takardar kusa da kofin shayinsa. Kafinta ya karanta har ƙasa, ya juya baya ko akwai ci gaba. Sannan ya kalli bango.

"Ki ce wa 'yarki, in ta tuba ba ta buƙatar wannan. In ba ta tuba ba, ba da hannuna ba."

"Baban Monita, in kuma tana tsakani fa?"

"Babu tsakani."

"Akwai. Can yawancin mutane suke zaune."

Ya ninke takardar gida huɗu, ya sunkuya ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin da ya shekara uku yana rawa. Tebur ya tsaya daram. Wannan ne amfanin farko da fom ɗin kwamiti ya yi tun da aka buga shi.

Bayan kwana biyu Monita ta koma asibiti, wannan karon da Umma da jaririya. Suka ratsa gaban bencin jira, hira ta tsaya cak. Wata ta ce wa ta kusa da ita, da muryar da aka yi don a ji, "Su kuma matasa har da goyo ake zuwa?" Umma ta tsaya ta gaishe ta da suna, ta tambayi lafiyar 'ya'yanta mata ɗaya bayan ɗaya, su huɗu, sannan ta tura ƙofar rawaya.

Sista ta haura hamsin da takwas, saura mata wata goma sha huɗu ta yi ritaya. Gidanta yana bayan asibiti, tafiyar minti biyar ga mai lafiyar gwiwa, goma a wurinta. Ita ta karɓi haihuwar Monita, naƙudar kwana biyu, kuma ba ta manta yadda yarinyar ta riƙe mata riga tana kiran Umma ba. Ta ce wa Umma ta ɗan zagaya da goyonta, ta rufe ƙofa, ta kunna fanka don ƙararta ta rufe magana.

"Wani ne ya ce ki zo?"

"A'a."

"Wani yana tilasta miki wani abu? A makaranta, a hanya, a gida? Dube ni."

"Babu, Sista."

"Mai gyaran wayar nan fa, uban 'yar?"

"Yana nan a rumfarsa."

"Na san yana nan, ni ma shi ya ƙarasa min wayata. Kina sonsa?"

Monita ta daɗe tana murza gefen gyale. "Wata rana ina sonsa. Wata rana in na tuna ɗakin haihuwa, ko hanyar rumfarsa ba na so in bi. Na yi wa kaina alkawari, Sista, wallahi na yi. Amma wancan karon ma na yi alkawarin. Ba na so karatuna ya tafi don rana ɗaya da wayona ya gudu."

Sista ta jawo kujerarta kusa. Shekara talatin tana jin alkawura a kan gadon haihuwa, kuma yawancin masu su ta sake haɗuwa da su a kan gadon bayan wata goma sha takwas.

"To saurara. Abin da ya fi shi ne ki canja hanya. Na faɗa, kuma duk zuwan da kika yi zan sake faɗa. Ashana ciki kawai take hanawa. Ba ta hana cuta, ba ta hana baƙin ciki, ba ta sa namiji ya yi hankali. Da tana yi, da tuni matan bencin can sun kwashe kwalin. Al'adarki za ta iya rikicewa, kar ki tsorata, ki zo ki faɗa min. Ranar da kika ce a cire, za a cire. Kin gane?"

"Na gane."

"Ina fom?"

"Yana ƙarƙashin tebur."

Sista ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta kira Umma ta dawo. Monita ta ajiye katunanta biyu, shuɗi da ruwan hoda. Sista ta sa tabarau ta dubi wannan, ta dubi wancan. Rubutun hannu ɗaya ne, hatimi ɗaya.

"Maman Monita, kin yarda?"

"Da ana sa wa uwa a madadin 'ya, da na miƙo nawa hannun."

Sista ta ture shuɗin katin gefe da yatsa ɗaya. "Asibiti ya ce shekarunki ashirin da ɗaya. Ni wace ce da zan ƙaryata asibiti? Kawo hannun da ba kya rubutu da shi."

Aka gwada fitsari, babu ciki. Sai allurar kashe zafi, sai ashanar, sai filasta. Duka bai kai minti goma ba. Monita ta koma makaranta ta tarar da rabin darasin lissafi.

Asirin ya yi mako shida. Gwaggo ce ta tona shi, ƙanwar Kafinta, tela, ranar da take auna Monita don sabuwar rigar makaranta. Ta zagaya tef a damtse, babban yatsanta ya tsaya.

"Mene ne wannan?"

"Ƙurji ne, Gwaggo."

"Ƙurji miƙaƙƙe haka kamar an sa rula? Ke, ni za ki yi wa? Nawa yana nan a hagu, shekara biyu."

Gwaggo mace ce mai riƙe sirri, don haka mutum ɗaya kawai ta faɗa wa, wato yayanta, kuma ta roƙe shi kada ya ce ita ta faɗa. Kafinta bai koma gida ba. Daga shago ya wuce gidan Shugaba da garin katako a girarsa.

Kwamiti ya yi zaman gaggawa ranar Litinin a ofishin likitan asibitin, wanda ya ba da ofis da kujera ya koma gefe yana duba waya. Aka kira Sista, aka kira Malam Mai Kati a matsayin shaida. Monita tana waje a kan bencin da ubanta ya yi.

Shugaba ya yi minti ashirin a kan ƙafafun nan uku, sannan ya sauko.

"Sista, da izinin wa kika sa wa ƙaramar yarinya wannan abu?"

"Wace yarinya, ranka ya daɗe?" Ta ajiye katin ruwan hoda a kan tebur. "Wannan matar shekarunta ashirin da ɗaya. Fom ɗinku bai shafe ta ba."

"Sha shida!" in ji Kafinta. "Ni na haife ta."

"To." Sista ta ajiye shuɗin katin kusa da ɗan'uwansa. "In sha shida ce, na karya dokar kwamiti, a hukunta ni. Amma in bana tana sha shida, bara da ta haihu a ɗakin can tana sha biyar. Sai a kawo tsani a gyara allo. Ba ita kaɗai ba ce kuma, ranka ya daɗe. Shekara huɗu ina karɓar haihuwar 'yan shekara ashirin da ba su gama tsawo ba. Na san su duka. Ni na yanke cibiyar 'ya'yansu, wasu ma ni na yanke tasu."

Waƙa tana tashi ƙasa-ƙasa daga wayar likita. Shugaba ya juya ga shaida.

"Malam, wane katin ne na gaskiya?"

Malam Mai Kati ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ranka ya daɗe, kowanne da lokacinsa."

Shugaba ya ji daɗin wannan amsa ƙwarai, ya sa a rubuta ta. Sannan ya ce shi mutum ne mai son sulhu, ba ya so a ɓata wa ma'aikaciya takarda a ƙarshen aikinta. Sista ta cire abin yau, magana ta mutu a ɗakin nan. In ba haka ba, yana da tsofaffin abokai a ma'aikata, kuma ya ji ana neman ungozoma a sabon asibitin da ke can ƙarshen gari, bayan masana'antu.

"Hannun ba nawa ba ne," in ji Sista. "A kira mai shi. In ta ce a cire, kayan aikina a tafashe suke."

"Yarinya ba ta da ta cewa."

"To matar nan mai shekara ashirin da ɗaya fa?"

Likita ya yi tari. Aka kira Monita.

Ta shigo ta durƙusa ta gaida kowa. Shugaba ya yi mata tambayar ta doguwar hanya, da nasiha a tsakiya. Ba shi ta kalla ba. Ta juya ga Kafinta, wanda ya sami wani abin sha'awa a jikin bango.

"Baba, shekara biyu ce. Ban ce na yi daidai ba. Amma ka bar ni in gama."

Kafinta ya juya ga Shugaba. "Ranka ya daɗe, a ce mata..." Ya tsaya. Kowa ya jira. Ya murza hularsa, ya dubi ƙafar teburin likita kamar yana neman inda take rawa. Saƙon bai fito ba.

"An ji ra'ayin yarinya," in ji Shugaba. "Fita. Sista?"

"Ba zan cire ba, ranka ya daɗe."

"Kin san nisan wurin nan kuwa?"

"Mota biyu. Na taɓa zuwa duba mara lafiya."

Matsayar kwamiti ta fito a shafi ɗaya, kuma abin koyi ce. An tabbatar cewa yarinyar ta haihu tana da shekara ashirin, kamar yadda ingantaccen kati ya nuna. An kuma tabbatar cewa bayan shekara guda an sa mata ashana tana da shekara goma sha shida, kamar yadda wani ingantaccen katin ya nuna. An yaba wa Malam Mai Kati bisa kula da takardu. An ba da shawarar a ba Sista damar kai gogewarta inda aka fi buƙata.

Kwana uku bayan haka, an tashi daga makaranta, Monita ta sallama gidan Sista. Ta same ta a kan kujera ta miƙe ƙafa a kan bokiti kifaffe, tana shafa wa gwiwa man zafi. Ko jaka ba ta ajiye ba ta naɗe hannun riga.

"Sista, ki cire. Kin ce ranar da na ce a cire za a cire."

"Na ce. Zauna." Sista ta rufe kwalbar. "Yana damunki? Jini, ciwon kai?"

"A'a."

"Kin daina so ne?"

Monita ta kalli ƙasa.

"Dube ni. Don kanki kike so a cire, ko don gwiwata?"

"Mota biyu fa aka ce, Sista. Kullum."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

"Don gwiwarki."

"To gwiwata ta gode. Ta riga ki zuwa duniya da shekara arba'in da biyu, ba ta taɓa neman taimakonki ba. Sauke rigarki. Ranar da kika zo don kanki, ki shiga mota biyu ki same ni. Me aka yi muku yau a lissafi?"

Takardar canjin wurin aiki ta iso cikin kwana tara. Tsofaffin ma'aikata sun ce ba su taɓa ganin takarda ta yi irin wannan gudu ba. Sai bayan Sista ta kwashe kofinta da takalman aikinta, da Shugaba ya umarci likita ya sa wani ya cire abin, aka tuna cewa mutum ɗaya aka kai kwas. Likita ya ce shi bai koya ba, kuma ba zai tsaga hannun mutum a kan matsayar kwamiti ba. Ya koma kan wayarsa. Ko Sista ta yi wannan lissafin tun a ɗakin taro, ba ta faɗa wa kowa ba.

Saura babban asibiti na tsakiyar gari. Amma zuwa can yana nufin Kafinta ya ce wa 'yarsa ta shirya, ya zauna kusa da ita a mota, ya tsaya a wata taga gaban baƙi ya faɗi shekarunta da watannin jikarsa ga wani mai kati da bai san rufin asiri ba. Ya ce zai kai ta ranar Asabar. Asabar ta zo, aiki ya yi yawa. Wata Asabar ɗin aka yi ruwa. A ta huɗu Umma ta same shi ya kifa teburin nan yana rage ƙafa uku su yi daidai da ta huɗu. Fom ɗin yana cikin shara tare da garin katako. Da ya gama ya miƙar da teburin, ya girgiza shi da hannu biyu, ya kalli bango.

"Ki ce wa 'yarki tebur ya daina rawa, in tana da abin rubutawa."

Ɗakin Matasa ya koma sito, tunda babu mai aiki a ciki. Ba a goge rubutun ƙofar ba, don fentin yana da kyau. Kwalin ashana yana can bayan tsintsiyoyi, guda ɗaya kawai aka taɓa a ciki, sauran suna jiran ranar lalacewa da aka buga a gefensa. A taga Malam Mai Kati yana ci gaba da tausayi. Ko watan jiya wata ta zo awo, kanta a sunkuye, da tawadar biro a yatsunta. Ya dube ta ta saman tabarau ya rubuta ashirin.

Ranar da shekara ta cika, Kafinta ya fito da tsani tun da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya hau ya fara goge HUƊU. A tsallaken titi Sista tana tsaye inda ake jiran mota tun ƙarfe shida, da jaka a kafaɗa da lemar da take dogarawa. Motar farko ta wuce a cike, ta biyu ma haka. 'Yan makaranta suka fara fitowa. Monita ta wuce ta wancan gefen da sabuwar rigarta, tana sauri, tana karanta wani abu a takarda leɓɓanta suna motsi. Ba ta ga Sista ba, Sista kuma ba ta kira ta ba.

Mota ta uku ta tsaya, babu kujera. Sista ta fara ɗora ƙafar mai lafiya, ta jawo ɗayar, ta kama ƙarfe. Ta taga ta hango Kafinta ya gama B ya fara I. Saura mata wata goma sha ɗaya, da wata motar a gaba. Ta mayar da nauyinta kan ɗaya ƙafar.